Mu da muka shiga kwantabilite ta taga



Lokacin rajistar makarantu ya zo, kuma tun makon jiya saƙonni ke ta shigo mana daga ƙannenmu, wani daga Damagaram, wata daga Tasawa, wasu daga Madawa da Konni. Tambayar duk iri ɗaya ce: “Ina da lisans na soshiyoloji, shekara uku ina zaune. An ce ana ɗaukar irinmu a mastar kwantabilite. In shiga?” Mun gaji da amsa wa kowa shi kaɗai a WhatsApp, shi ya sa muka ce bari mu zauna mu rubuta sau ɗaya, tunda mun bi hanyar, mun san inda ƙaya take.

Mu biyar ne muka haɗu a bencin baya na wata makaranta mai zaman kanta a Yamai, ƴan karatun dare. Ɗaya ya karanta labarin ƙasa, ɗaya soshiyoloji, ɗaya Turancin Ingilishi, ɗaya Larabci da addini, sai mace guda, ƴar Adar, da ta karanta aikin gona. Biyu daga cikinmu malaman kwantaragi ne a lokacin. Abin da ya kai mu ba ɓoyayye ba ne: duk sanarwar neman ma'aikata da muka buɗe, ta furoje ce ko ta ƙungiya ko ta asusun bada rance, sai mu ga ana neman kwantabul, wanda ƴan uwanmu na tsallaken iyaka ke ce wa akanta. Ba mu taɓa ganin wadda ke neman mai labarin ƙasa ba sai jefi-jefi. Kuɗin makarantar kuwa kowa ya san yadda ya haɗa nasa. Wani babur ɗinsa na kabu-kabu ya sayar. Wani mahaifiyarsa ta kai sa guda da tumaki kasuwa. Ƴar Adar ɗin adashen shekara guda ta kwasa. Muna faɗin wannan ne don a san ba wasa muka je yi ba.

Ranar da muka je tambaya, matar da ke biron rajista ta duba takardunmu ta ce babu matsala, akwai darasin share fage da ake yi wa waɗanda suka zo daga wani fanni. Gaskiya ta faɗa, akwai shi. Abin da ba ta faɗa ba, kuma mu ma ba mu tambaya ba, shi ne sati uku ne kacal.

To ga lissafin da ba mu yi ba. Yawancin waɗanda muka tarar a ajin tun daga lise suka fara, sun yi bak G2, shekara uku suna rubuta jurnal, suka ƙara uku a jami'a. Shekara shida ke nan. Mu kuma sati uku. Mastar ba wurin koyon baƙaƙe ba ce, an ɗauka ka riga ka sauke. Ranar farko mushe ya shigo, ya ce a buɗe kundin lambobi, ya kama bayanin yadda ake haɗe lissafin uwar kamfani da na ƴaƴanta. Yana cewa 401, 411, 521, ƴan gaba na gyaɗa kai kamar sunayen ƴan gidansu yake kira. Mu kuwa muna kallon juna. A nan ne wani shaƙiyyin yaro ya laƙaba mana suna “ƴan taga”, wai ba ta ƙofa muka shigo ba. Sunan ya bi mu har muka gama.

Bari mu ɗan tsaya kan abin da ya fara kayar da mu, don shi zai fara kayar da duk wanda ya biyo bayanmu: debi da kiredi. Duk mai asusu a banki ya saba, in kuɗi suka shigo, saƙo ya zo a waya cewa an yi wa asusunka kiredi. Sai ka riƙe a ranka kiredi shigowa ce, debi fita. Ka zo aji, a ce ka ɗauki jika 100 daga akwatin kuɗin kanti ka kai banki, yaya za ka rubuta? Amsar ita ce banki, wato 521, debi. Akwati, wato 571, kiredi. Kai! Kuɗi sun shiga banki amma debi? Sati biyu muna gardama a kan wannan a tsakaninmu. Ashe saƙon da ke zuwa a waya littafin bankin ne ke magana, ba naka ba. A wurin banki kuɗinka bashi ne a kansa, shi ya sa yake sa su a dama. A littafinka kuwa dukiya ce ta ƙaru, sai ta zauna a hagu. Debi hagu, kiredi dama, babu mai kyau babu marar kyau a cikinsu. Kowane motsi na kuɗi ko na kaya ana rubuta shi sau biyu, inda ya fito da inda ya nufa, kuma dole ɓangarorin su zo daidai ko da dala ɗaya ce. Abin ba wuya gare shi ba. Amma babu wanda zai tsaya ya faɗa maka shi a mastar, kamar yadda ba a koya wa mai tafsiri alif da ba.

Mai labarin ƙasa ne ya tono mana wani abu da ya riƙa kwantar mana da hankali. Mutumin da ya fara buga bayanin wannan tsari a littafi, Luka Pacholi, a birnin Benis na Italiya a 1494, limamin kirista ne mai koyar da lissafi, ba ɗan kasuwa ba. Wurin fatake ya gani ya tsara. Muka ce ashe shi ma ɗan taga ne.

Lambobin da suka ruɗa mu kuwa suna da asali. Nijar na cikin OHADA, ƙungiyar ƙasashe 17 da suka daidaita dokokin kasuwancinsu tun yarjejeniyar 1993, kuma tsarin lissafin da ake aiki da shi yanzu, SYSCOHADA da aka sabunta, ya fara aiki ne ranar 1 ga Janairun 2018. Ya kasa komai gida tara. Gida na 1 jari da basussuka masu dogon zango, na 2 kadarori irin su gini da mota da inji, na 3 hajar da ke ajiye, na 4 mutanen da kake bi da masu bin ka, na 5 kuɗin hannu da na banki, na 6 abin da aka kashe, na 7 abin da aka samu, sauran biyun na abubuwan da ba na yau da kullum ba ne da lissafin cikin gida. In ka san gidajen, lamba ba ta ba ka tsoro: 601 sayen haja, 701 sayar da ita. Kuma lambar da ka koya a Maraɗi ita ce a Dakar, ita ce a Njamena da Duwala. Wannan kam alheri ne babba, ba kowane karatu ke tsallake iyaka haka ba.

Jarrabawar farko ta zo. Bisa 20, mafi yawa a cikinmu ya samu 7, akwai mai 4, akwai mai 2. Mai Turancin Ingilishi, wanda mahaifiyarsa ta sayar da sa, shi ne mai 2. Ya ƙara sati uku yana zuwa, ba ya magana, rannan sai muka ga babu shi. Ya koma ƙauyen da yake koyarwa. Kason farko na kuɗin makaranta da ya biya ba a mayarwa, yana rubuce a takardar da duk muka sa wa hannu ba mu karanta ba. Har yau in muka tuna abin yana mana ciwo, don ba daƙiƙi ba ne, ya fi mu duka kaifin kai. An dai ɗora masa kayan da ba a nuna masa yadda ake ɗauka ba.

Mu huɗun da muka rage, wata yarinya ce ta cece mu, ƴar ajinmu, ƙanwar bayanmu ce nesa ba kusa ba. Ta ce: “Yayye, in ba za ku ji haushi ba, ku zo gidanmu ranar Lahadi, amma da littafin ƴan lise za mu fara.” Wallahi da farko abin ya yi mana nauyi. Mutum da lisans ɗinsa, wani har da iyali, ya zauna kan tabarma yana bitar littafin yara. Amma girman kai ba ya daidaita balans. Wata shida muka yi a haka. Kullum rubutu goma a jurnal, a kwashe a kai babban littafi, a fitar da balans, in bai daidaita ba babu mai tashi. A nan muka gane me ake nufi da rage darajar kadara: ka sayi injin niƙa jika 600, kana sa ran zai yi shekara biyar, to kowace shekara jika 120 na narkewa ko da ba ka fitar da ko dala daga aljihu ba, kuma wanda bai lissafa wannan ba zai ga kamar yana cin riba, ranar da injin ya mutu ya rasa na sabo. Wanda ya sayar da babur ya yi shiru, ya ce da ya san wannan da tuni babur biyu gare shi.

Sai a shekara ta biyu muka fara ganin cewa ba hannu sake muka zo ba.

Ana darasin kimanta haja, mushe na bayanin cewa in kaya sun lalace ko farashinsu ya faɗi ƙasa da yadda aka saya, dole a rubuta asarar tun kafin a sayar. Ƴan gaba sun haddace dokar. Ƴar Adar ta ɗaga hannu ta ce: “Mushe, mu wajenmu Galmi in munka zuba albasa buhu ɗari cikin rudu, ba ɗari muka kwasowa ba bayan wata huɗu. Wata ta ruɓe, wata ta bushe ta rage nauyi, amma wadda ta tsira kuɗinta ya hau. To wace za a rubuta?” Darasin ranar kaf a kan albasa ya ƙare. Amsar ita ce asarar ana rubuta ta nan take, ribar tashin farashi kuwa sai an sayar, don ƙa'idar taka-tsantsan. Daga baya a kan ƙungiyoyin manoman albasa ta rubuta kundin kammala karatunta, kuma babu wanda ya iya ƙure ta ranar kare shi, don ta san warin rudu.

Mai Larabci shi ma ya zo da nasa. Ya ce mana ai fiƙihun Malikiyya da aka karantar da shi ya wajabta wa ɗan kasuwar da ke jujjuya haja ya zauna sau ɗaya a shekara, ya ƙirga kuɗin hannu, ya yi wa kayan kanti kima, ya duba basussukan da yake sa ran za a biya shi, kafin ya fitar da ɗaya bisa arba'in. In ba bilan ba, mene ne wannan? Kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take. Amma shi ne kuma ya fi mu shiga damuwa da muka iso kan kuɗin ruwa, don kwantabul ba ya tsallake shi, akwai lambarsa, dole ka rubuta in kamfani ya ci bashin banki. Ya tambayi malamai, bakinsu bai zo ɗaya ba a kan mai rubutawa a matsayin ma'aikaci. Mu ba masu fatawa ba ne. Muna dai cewa wanda wannan zai dame shi ya tambayi malaminsa tun kafin ya biya kuɗin rajista, kada sai ya kai tsakiyar kogi. Shi dai a ƙarshe ya zaɓi aiki da ƴan kasuwar da ba sa hulɗar rance da banki.

Mai soshiyoloji kuwa a binciken lissafi ya yi fice, don rabin aikin mai bincike tambaya ce, da sanin lokacin da magajin sito ke kauce wa magana. Mai labarin ƙasa, tsakani da Allah, bai zo da komai ba sai haƙurin zama gaban Excel. Shi da kansa ya ce a rubuta haka.

Inda muka fi ganin amfanin abin shi ne hutun da muka zo Maraɗi, muka roƙi kawun ɗayanmu, babban ɗan kasuwa, ya bar mu mu gwada hannu a kan takardunsa. Takardun a cikin buhun leda suke, wasu a bayan kwalin shayi aka rubuta. Kwana tara muna warwara. Da muka gama muka ce: “Baba Alhaji, bana ka ci riba mai kyau.” Ya dube mu ya ce: “To ɗiyana, in na ci riba, ina kuɗɗin? Ni dai ban gan su ba.” Nan ne karatun ya zama na gaske. Muka nuna masa: kaso mai yawa na wurin mutanen da ya ba kaya bashi, wasu tun bara. Wani kason ya tafi wurin canji, don yana saro kaya da naira ta Jibiya da Kano ya sayar da sefa, tsakanin ranar ciniki da ranar biya kuɗin sun motsa. Sauran kuma shi da kansa ya ɗiba, cefanen gida, bikin ƴa, gudummawar jana'iza, kuɗin makarantar jikoki, duk daga aljihu ɗaya da na kanti. Tsarin ma ya ware wa irin wannan ɗiba lamba tata, 104, don a raba mai kanti da kantinsa. Alhaji ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce a sake karanto masa sunayen masu bashin, a hankali. Duk bayanin nan da Hausa muka yi shi. Mun lura da yawa daga cikin waɗanda suka fi mu ƙwarewa ba sa iya fassara bilan ga wanda bai yi lakwal ba, kuma dukiyar Maraɗi da Damagaram mafi yawanta a hannun irin su Alhaji take.

Yanzu ga abin da ƙannenmu ba za su so ji ba. Mastar ba ta mayar da kai ƙwararren da ke sa hannu a tabbatar da lissafin kamfanoni. Wannan sai wanda ke cikin rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun masu lissafi ta ƙasa, kuma hanyar can doguwa ce: a tsarin UEMOA akwai jarrabawar DESCOGEF, sai horon aiki na shekara uku, sannan DECOFI. Masu ɗaukar aiki kuma ba takarda suke tambaya da farko ba. Za a zaunar da kai gaban kwamfuta, a buɗe maka Sage, a miƙo maka tarin faktir da takardar banki, a ce daidaita mana, fitar mana da TVA ta kashi 19 cikin ɗari. Ɗayanmu ya je irin wannan gwaji da mastarsa, wata yarinya mai BTS ta kayar da shi cikin minti arba'in. Kuma daidai ne, ta fi shi hannu. Dukanmu da sitaj muka fara, wani ba a ba shi ko kuɗin mai. Watannin farkon shekara kuwa kwantabul ba ya ganin gidansa sosai, don doka ta ce a rufe lissafin shekara cikin wata huɗu, takardun kuma a adana su shekara goma.

Duk da haka akwai wata ƙofa da ta buɗe wadda muke ganin ta dace da irinmu. A nan Yamai aka amince, ranar 22 ga Disamban 2022, da tsarin lissafi na musamman don ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, SYCEBNL, ya kuma fara aiki 1 ga Janairun 2024. Ƙungiyoyi, gidauniyoyi da furoje-furojen raya karkara duk ya shafe su. A wannan fagen tsofaffin hannu ma sabon koyo suka yi, kuma wanda ya san yadda ake rabon iri a ƙauye, ko yadda kwamitin rijiya ke tara kuɗi, yana ganin abin da lamba kaɗai ba ta nunawa. Biyu daga cikinmu a nan suke ci yanzu.

Saboda haka ga mai tambaya “in shiga?”, amsarmu ita ce kada ka fara da biyan kuɗi. Nemo kundin lambobin SYSCOHADA da littafin ƴan G2 na shekarar farko, ka samu wanda zai zauna da kai, ka ba abin wata uku. In ka kai inda za ka ɗauki cinikin wata guda na mai shagon unguwarku ka fitar da balans da ya daidaita, kuma ka ji daɗi a ranka da ya daidaita, to je ka. In kuwa kowace Lahadi ji kake kamar za a cire maka haƙori, ka tsira da kuɗinka. In ka je makarantar, tambayi awa nawa ne darasin share fagen, wa ke koyar da shi, a nuna maka a rubuce. Tambayi ko ma'aikatar ilimi mai zurfi ta amince da wannan reshen, ko CAMES ta san da diflomar, don sunan makaranta daban, amincewa da kowane reshe daban. Karanta sharaɗin mayar da kuɗi kafin ka sa hannu. Kuma kada ka raina komawa baya: da za a mayar da mu farko, aƙalla biyu daga cikinmu lisans ta ƙwarewa za su fara yi shekara guda kafin mastar. Akwai sassan tattalin arziki da gudanarwa a jami'ar Abdu Mumuni da ta Tawa, a je a tambayi sharuɗɗansu da baki, kada a tsaya kan “an ce”.

Abokinmu da ya bari yana nan yana koyarwa a wani ƙauye wajen Dakwaro. Ba mu yanke zumunci ba. Watan jiya ya turo mana hoton wani littafi mai layi-layi, ashe an ɗora masa riƙon kuɗin kwamitin makarantarsu. Ya raba shafin biyu da jan biro, ya rubuto: “Ƴan taga, iyaye sun kawo jika 35 na gyaran aji, na sa a akwati. Hagu ko dama?” Muka amsa masa mu huɗu kusan a tare: hagu. Ya ce Lahadi mai zuwa zai turo shafi na biyu.